Dara da Dokokinta: Yadda Ƙorafin 'Yan Wasa Yake Daidaita Wasa, da Abin da Ilmin Halittu Ya Gano

Gabatarwa

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna cewa gona tana manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne yake riƙe da ƙarfin ƙasar. A irin wannan wuri damina ba ta barin kowa ya zauna. Amma da zarar an gama kaka, an kai dammuna rumbu, sai a ga magidanta da samari sun taru a inuwar darbejiya ko tsamiya, an tona gurabu a ƙasa, ana dara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dara ya san ba a rasa gardama a wajen. Wannan ya ce an yi masa ci ba bisa ƙa'ida ba, wancan ya ce a garinsu haka ake yi, 'yan kallo su ma su sa baki. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan hayaniyar banza ce. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa mai karatu cewa irin wannan gardama ita ce maƙerar da aka ƙera dokokin wasan a cikinta, kuma matsalar da 'yan dara suke warwarewa da baki ita ce masana lissafi da masana ilmin halittu suka shafe shekaru suna nazari a kanta.

Yadda Ake Darar

Kalmar dara a Hausa tana ɗaukar wasa fiye da ɗaya. Akwai ta gurbi 12 wadda ake rarraba 'ya'ya ana zagayawa, irin wadda Yarabawa suke kira ayo. Wadda muke magana a kanta ita ce ta jeri, wadda Dakarkarin ƙasar Zuru suka shahara da ita, Zabarmawa kuma suke kira dili. An fi yin ta da gurbi 30, wato layi 5, kowane layi gurbi 6, ko da yake akwai masu faɗaɗa ta. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya ɗauki gutsattsarin kara ko tsinke, don a bambance.

Wasan kashi biyu ne. Da farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa, har su ƙare. Daga nan sai a shiga tafiya, inda ɗan wasa zai gusa da ɗa guda zuwa gurbin da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya yi ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi.

Kada sauƙin bayanin ya ruɗi mai karatu. Idan aka lissafa hanyoyin da za a iya ajiye 'ya'ya 12 na wannan da 12 na wancan a cikin gurbi 30, za a sami 1,605,660,228,900, wato fiye da biliyan 1,600. Gaskiya ne wasu daga ciki doka ta hana su, wasu kuma juyin junansu ne, amma ko an cire waɗannan abin da ya rage ya fi ƙarfin haddar kowane gwani.

Kowace Doka Maganin Wata Ɓaraka Ce

Bari mu ɗauki dokar da ta fi kowace muhimmanci, wato ba a jera uku a lokacin zubi. Me zai faru in babu ita? Mai farawa zai ajiye ɗansa a tsakiyar fage. Abokin karawa zai tare shi, a ce ta dama. Sai mai farawa ya ajiye na biyu a saman na farko, ya zama yana da biyu a tsaye, da gurbi a buɗe sama da kuma ƙasa. Abokin karawa gurbi ɗaya kaɗai zai iya toshewa, saboda haka a zubi na uku mai farawa ya yi ci. In kuwa ta sama aka tare shi tun farko, sai ya bi ta kwance, sakamakon bai canza ba. Ke nan in babu wannan doka, duk wanda ya fara zai yi ci kafin wasa ya kankama, kuma babu dabarar da za ta hana shi. Ba sai an kira masanin lissafi ba kafin a gano haka. Ya isa a cinye mutum sau biyar a jere ta hanya ɗaya, ya tashi ya ce shi ba zai ƙara yi ba sai an gyara.

Doka ta biyu ita ce jeri huɗu ba ci ba ne. Amfaninta shi ne tana hukunta mai cunkusa 'ya'yansa wuri ɗaya. Wanda yake da biyu a jere, sai gurbi a buɗe, sai kuma wani ɗan nasa a gaba, in ya cike gurbin nan huɗu ya yi, bai sami kome ba. A nan ɗansa ne ya tare masa hanya, irin abin da Bahaushe yake cewa dara ta ci gida.

Doka ta uku ita ce ɗa guda ake ɗauka a tafiya guda, ko da tafiyar ta haɗa jeri biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Wannan yana rage saurin da mai rinjaye zai gudu ya bar na baya.

Ko adadin 'ya'yan ma akwai hikima a ciki. 'Ya'ya 24 a gurbi 30 sun bar gurbi 6 a buɗe, wato kashi ɗaya cikin biyar. Da 15 kowa yake da su, da fage ya cika babu wurin motsi. Da kuma 6 ne, da tarewa ta yi wuya, wasa ya koma tsere. Haka nan mai farawa yana da ribar zaɓen gurbi da fara tafiya, amma na biyu shi yake ajiye ɗan ƙarshe bayan ya ga yadda fage ya kasance, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce.

Inda Gardama Take Har Yanzu

Akwai wuraren da 'yan wasa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Babba daga ciki shi ne tsarin da za mu kira jeka-ka-dawo. Ɗan wasa yana da biyu a jere a wani layi, da wasu biyu a layin da ke ƙarƙashinsa, sai kuma ɗa na biyar da yake hawa da sauka tsakanin layukan. In ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku. Kowace tafiya ci ce. Wanda ya kafa wannan, in ba a rushe masa ba, wasa ya ƙare.

Yadda za a rushe shi kuwa ya danganta da wata dokar da ake saɓani a kanta: shin ana iya ɗauke ɗan da yake cikin jeri uku, ko kuwa jerin ya zama garkuwa gare shi? In garkuwa ne, mai rinjaye ya ƙara samun kariya. In ba garkuwa ba ne, wanda yake baya yana da damar ya yi ci guda ya ɓalle masa gini. Mai karatu zai lura cewa gardamar a zahiri kan tambaya ɗaya take: nawa ne ladan da ya dace gwani ya samu, nawa ne kuma damar da za a bar wa na baya don kada ya fid da rai?

A ilmin halittu muna bambance martani iri biyu. Akwai martani mai daidaitawa, kamar yadda jikin ɗan Adam yake riƙe zafinsa kusa da digiri 37: in zafi ya hau a yi gumi, in ya sauka a yi kyarma. Akwai kuma martani mai ruruta abu, kamar naƙuda, inda kowace murɗawar mahaifa take jawo wadda ta fi ta ƙarfi har a haihu. Ci a dara martani ne mai rurutawa, domin wanda ya ci ɗa guda ya rage wa abokinsa abin tarewa, ci na biyu ya fi na farko sauƙi. Wasa yana bukatar wannan, in ba haka ba ba zai ƙare ba. Amma in ya yi yawa, tun daga ci na farko an san wanda zai yi nasara, sauran wasan ɓata lokaci ne. Dokokin da muka ambata su ne gumin wasan, su suke hana shi ƙonewa.

Abin da Ya Faru a Wasu Wasannin Duniya

Ba dara kaɗai ta bi wannan hanya ba. A wasan Go na Sin da Japan, mai baƙaƙen duwatsu shi yake farawa, kuma gwanaye sun daɗe da lura cewa yana da fifiko. Sai aka shiga ba mai farare ƙarin maki a matsayin diyya. Da aka ci gaba da tara sakamakon wasanni aka ga diyyar ba ta isa ba, sai aka riƙa ƙara ta, har a 2002 hukumar wasan ta Japan ta ɗaga ta daga maki 5 da rabi zuwa 6 da rabi. Rabin nan kuwa an sa shi ne don kada a yi kunnen doki.

A wasan diraf na Ingila da Amurka, mai gida 64, matsalar ta wani gefen ta fito. Gwanaye sun haddace buɗin wasa har ya zama kusan kullum kunnen doki ake yi. Maganin da aka samo shi ne a riƙa jefa ƙuri'a a kan tafiyar farko, da fari tafiya biyu, daga baya a shekarun 1930 aka mai da ita uku, don a tilasta wa 'yan wasa shiga hanyar da ba su saba ba.

Ƙwallon ƙafa ma haka. Gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ta yi ƙarancin ƙwallaye, domin 'yan baya sun gano cewa za su iya cinye lokaci ta hanyar mayar wa mai tsaron gida ƙwallo ya kama da hannu. A 1992 aka hana shi kama ƙwallon da ɗan wasansu ya tura masa da ƙafa da gangan. A gasar 1994 a Amurka, wadda ita ce ta farko da Nijeriya ta halarta, nasara ta koma maki 3 maimakon 2, don a rage kwaɗayin kunnen doki.

Da zuwan kwamfuta, an sami damar auna wasu wasannin har ƙarshensu. Tun 1913 masanin lissafi Ernst Zermelo ya nuna cewa a wasa irin wannan, wanda babu sa'a kuma babu ɓoye a cikinsa, in kowa ya yi wasa ba kuskure to sakamakon a yanke yake tun kafin a fara. A 1993 Ralph Gasser a Suwizalan ya warware wani tsohon wasan Turai na jera uku mai 'ya'ya tara-tara, ɗan'uwan dara na nesa, ya tarar kunnen doki ne. A 2002 John Romein da Henri Bal a Amstadam suka warware awari, wani nau'i na darar gurbi 12 ta Afirka, bayan sun bi yanayi 889,063,398,406, shi ma kunnen doki. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka kammala diraf mai gida 64 bayan aikin shekara 18, sakamakon dai bai canza ba. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka tsara waɗannan wasanni ba su da kwamfuta. Gwaji da ƙorafi da gyara, tsara bayan tsara, su suka kai su ga daidaiton da na'ura ta zo ta tabbatar.

Shaho da Kurciya

Lissafin dabarun wasa ya zama fanni mai zaman kansa a 1944, da littafin John von Neumann da Oskar Morgenstern, sannan John Nash ya faɗaɗa shi a 1950, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1994. A 1973 John Maynard Smith da George Price suka shigo da shi ilmin halittu don amsa wata tambaya: me ya sa dabbobi masu ƙaho da haƙora sukan yi faɗa kamar da ƙa'ida, ba kasafai suke kashe juna ba? Kowa ya ga jan gwada a kan katanga yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, yana nuna wa abokin hamayya launinsa, sau da yawa ɗaya ya janye ba a taɓa juna ba.

Misalin da ya shahara daga wannan nazari shi ne na shaho da kurciya, wato hali biyu a cikin dabba iri ɗaya. Mai halin shaho faɗa yake yi har sai ya yi nasara ko ya ji rauni. Mai halin kurciya barazana kawai yake yi, in an tasar masa ya gudu. A ce abin da ake takara a kansa darajarsa 4, rauni kuma hasararsa 10. Shaho da kurciya in sun haɗu, shaho ya kwashe 4, kurciya ta tashi ba kome. Kurciya biyu su raba, kowa 2. Shaho biyu kuwa, ɗaya ya sami 4, ɗaya ya yi hasarar 10, saboda haka a tsakaice kowannensu hasarar 3 yake yi.

In duk garke kurciyoyi ne, shaho guda da ya ɓullo zai ci karensa ba babbaka, ya fi kowa haihuwa, irinsa su yawaita. In kuma duk shahuna ne, kurciya ce mai riba, domin ba kome ya fi hasarar 3. Lissafi ya nuna abin zai tsaya ne a inda shahuna suke 40 cikin 100, kurciyoyi 60, domin a nan ribar kowane hali ta zama 1.2. Sai dai mai karatu ya duba: da duka kurciyoyi ne, da kowa 2 zai samu. Ashe daidaiton da ya zo da kansa ba lalle ne ya zama mafi alheri ga kowa ba. A nan ne ɗan Adam ya sha bamban da dabba, domin shi yana iya zama da abokan wasansa su canza dokar.

Akwai kuma wani ƙadangare a Kalifoniya wanda Barry Sinervo da Curtis Lively suka ba da rahotonsa a 1996. Mazansa iri uku ne. Mai maƙogwaro ruwan lemo ƙarfi gare shi, yana ƙwace yanki mai faɗi daga mai shuɗi. Mai rawaya yana kama da mace, yana saɗaɗawa cikin yankin mai ruwan lemo ya sami mata. Mai shuɗi kuwa yankinsa ƙarami ne, yana tsare matarsa sosai, mai rawaya ba ya samun kansa. Kowanne yana da wanda yake rinjaya da wanda yake rinjayarsa, don haka babu wanda ya shafe sauran. Wasa mai kyau ma haka yake: mai saurin kai hari, da mai tarewa, da mai haƙurin ɗana tarko, kowa ya kasance yana da maganinsa.

Ƙorafi Ba Hujja Ba Ne Sai An Auna

Duk da haka, ba kowane ƙorafi ne gaskiya ba. Wanda aka cinye ya fi wanda ya ci yawan magana, mutum kuma ya fi tuna wasan da ya ba shi haushi. Gwani yana son dokar da take ba gwaninta lada, ɗan koyo yana son wadda take ba shi damar farfaɗowa. Ƙorafi yana nuna inda za a duba, awo ne yake yanke hukunci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan aiki ne da ɗaliban sakandare ko na jami'a za su iya yi da littafin rubutu da fensir kawai. A sami 'yan wasa masu kusan ƙarfi ɗaya, a riƙa musanya mai farawa, a rubuta wanda ya fara da wanda ya ci, a ware kunnen doki gefe. In wasa daidai yake, a cikin wasa 100 nasarar mai farawa za ta faɗo tsakanin 40 da 60 kusan sau 95 cikin 100. Saboda haka in an sami 56, ba a tabbatar da kome ba tukuna. In fifikon ƙarami ne, kamar 55 cikin 100, sai an kai wajen wasa 400 kafin ya fara fitowa fili. Daga nan sai a sake gwajin da ɗaya dokar, wato sau ɗaya jeri uku garkuwa ne, sau ɗaya ba garkuwa ba, a kwatanta tsawon wasa da kuma sau nawa wanda aka fara ci ya dawo ya yi nasara.

Kammalawa

Wasannin gargajiya suna shiga hannun hukuma ɗaya bayan ɗaya. A Jamhuriyar Nijar kokawa ta zama gasar ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi. A Nijeriya dambe da kokawa da langa da ayo sun shiga gasar wasanni ta ƙasa. Duk wasan da ya kai wannan matsayi sai an rubuta masa doka guda, kuma doka in ta shiga takarda tana da wuyar gogewa. In aka zauna a ofis aka zaɓi ta gari ɗaya ba tare da an ji ta bakin masu yi ba, ana iya kafe wasan a kan ɓaraka, a kuma shafe gyare-gyaren da wasu garuruwan suka yi shekaru suna tacewa.

Shawararmu ga malaman makarantu da jami'an wasanni na ƙananan hukumomi ita ce a fara da tattarawa. A je wajen tsofaffin gwanaye a Ɗambatta da Bichi da Minjibir da makamantansu, a rubuta dokar kowane wuri da sunayen da suke kiran dabarunsu, a tambaye su dalilin kowace doka da abin da suke ganin ya rage a gyara. Bayan haka a auna, sannan a zaɓa, a kuma bar ƙofa a buɗe don sake dubawa bayan 'yan shekaru, kamar yadda masu wasan Go suka yi. Gwanayen da suka san dalilan nan shekarunsu suna ja, samari kuma waya ta ɗauke musu hankali, don haka aikin tattarawar na wannan ranin ne.